Waƙar Iyatu a Babi na Huɗu

Malam Sha'aibu Jatau ya shekara tara yana rubuta sharhin littattafai a mujallar Madogara, kuma ko waɗanda ya taɓa ɓata wa rai sun yarda ba ya son kai. Mujallar ta wata ƙungiyar masu nazarin al'adu ce, a Sakkwato ake buga ta, sau biyu a shekara in an samu takarda. Shi kuwa a Ƙauran Namoda yake zaune, yana koyar da harshe a wata kwaleji ga ɗaliban da gini da lantarki suka zo koyo, waɗanda darasinsa bai dame su ba. Sharhin nan shi ne aikin da yake ji da shi. Sau uku yake karanta kowane littafi: na farko hannu wofi, na biyu da fensir, na uku yana bin sunaye da shekaru ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Sannan ya zauna gaban tafiretarsa ya buga shafi uku, ba ƙari.

A daminar shekarar dubu biyu, watanni kaɗan bayan an fara aiki da Shari'a a Zamfara, wani direban Sakkwato ya kawo masa ƙunshi har ofis. A ciki akwai littafi da gajeriyar wasiƙa daga editan mujallar, Farfesa Muhtari. "Kai ka dace da wannan, tunda ƙasarku ce," in ji wasiƙar. "In da hali ka ɗan taɓo halin da kiɗa da waƙa suke ciki a jiharku yanzu." Sha'aibu ya yi murmushi. Gaskiya ne makaɗa sun yi sanyi, ko biki aka yi a Ƙaura sai walima da wa'azi. Amma littafin kan waƙoƙin niƙa ne, su kuwa ba doka ce ta kashe su ba. Injin niƙa ne ya kashe su, tun ana jihar Sakkwato.

Sunan littafin Dutse da Murya. Dokta Maimunatu Magaji ce ta rubuta, 'yar Shinkafi, wadda ta zaga ƙauyuka da rikoda a 1977 tana ɗaliba, sai yanzu da ta bar aiki ta samu sukunin bugawa. Sha'aibu ya fara shi a barandar gidansa bayan la'asar, yana jin daɗinsa, don matar ta iya aiki. Kwana biyu yana ciki. A rana ta uku ya buɗe babi na huɗu, sai ya ga an rubuta: "Mai waƙa: Iyatu, matar Jatau mai tumaki, Gurbin Ɓore. Bafulatana ce, shekarunta kamar talatin da huɗu, ba ta da yawan magana."

Ya rufe littafin da yatsansa a ciki. Jatau mai tumaki ɗaya ne a Gurbin Ɓore, mahaifinsa ne. Iyatu kuwa ita ta haife shi.

Shi ne ɗanta na fari, kuma Iyatu ta riƙe kunyar ɗan fari fiye da duk matan garin. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. In za ta yi zancensa sai ta ce "wancan", ko "yaron Kyauta", don tun da aka yaye shi ta miƙa shi ga Gwaggo Kyauta, yayar mahaifinsa, da ke zaune a gidan. Gida ɗaya suke, amma tuwonsa ma ta hannun Gwaggo yake zuwa. Ranar da aka kai shi tashar jirgin ƙasa a Ƙaura zai tafi makaranta Zariya, yana da shekara goma sha uku, ko zaure ba ta fito ba. In ya dawo hutu sai ta ce, "An zo?" tana kallon tukunya. Ta rasu a 1981 yana tsakiyar jarrabawa a jami'a, ya iso bayan kwana uku. Babu hotonta ko ɗaya a duniya. Kuma bai taɓa jin ta yi waƙa ba, ko sau ɗaya.

Ya sake buɗewa ya karanta baitukan:

Dogo ya amshe man nawa,
Na-Dogo, ko ka ci, ko ba ka ci ba?
Gero ga dutse, ido ga hanya,
Na-Dogo, wa ka ba ka ruwa?

Shafi goma sha ɗaya marubuciyar ta yi tana fashin baƙi. A ganinta Dogo sunan iska ne, namijin Doguwar nan da 'yan bori ke ambata, ci da sha da ake magana kuwa sadakar da ake yi wa iskoki ce. Babbar hujjarta ita ce da ta tambayi mai waƙar ko wane ne Na-Dogo, sai ta ƙi faɗa. Daga nan ta yanke cewa Iyatu tana cikin matan da suke bori a ɓoye, suna sakaya shi cikin waƙar aiki.

Matarsa Naja'atu ta fito da shayi ta tarar da shi ya ƙura wa katanga ido. Ya miƙa mata littafin. Ta karanta a tsaye, ta zauna, ta sake karantawa.

"Inna ce wannan?" ta ce.

"Ita ce. Gobe zan mayar wa Farfesa littafinsa. Ba daidai ba ne mutum ya yi alƙalanci a kan abin da ya shafi uwarsa."

"In ka mayar, wani zai rubuta, ya yaba babin, shi ke nan ta zama 'yar bori har abada. A wannan zamanin kuma, da kowa ke bin asalin kowa. Ka san ta da bori?"

"Ban san ta da komai ba, Naja'atu. Abin da ke damuna ke nan."

"To Gwaggo tana da rai. Ka je ka tambaye ta."

Ranar Asabar ya hau mota zuwa Zurmi, daga can ya samu wata ta Gurbin Ɓore. Gero ya kai gwiwa, an yi ruwa da safe, hanya duk ƙamshin ƙasa. Ya tarar da Gwaggo Kyauta a inuwar rumbu tana tsinkar rama. Ta haura saba'in, haƙoranta sun zube, amma kunnenta garau. Bayan sun gaisa ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sai ya ciro littafin ya ce akwai abin da yake so ya karanta mata.

Yana kai baiti na biyu ta ajiye ramar. Ta karɓe da wata 'yar siririyar murya, tana jan ƙarshen kalmomi, kafaɗunta suna zuwa gaba suna dawowa kamar dutsen yana gabanta. Ta tsaya ta dube shi.

"Ina ka samo waƙar Iyatu?"

Ya gaya mata. Ya kuma gaya mata abin da littafin ya ce game da Dogo. Gwaggo ta yi salati, sannan dariya ta kama ta har tana tari.

"Wane iska? Iyatu da ko kiɗan biki ba ta zuwa? Masu boko dai! Dogo ba layin dogo ba na? Jirgin da munka sa ka ciki ga Ƙaura? Kai na Na-Dogo, Sha'aibu. Wa za shi zama in ba kai ba?"

Ya ajiye littafin a cinyarsa. Ita ta ci gaba, tana tsinkar ramarta.

"Ran da munka dawo daga kai ka, ta tambaye ni yadda jirgin yake, don ba ta taɓa ganin shi ba. Nic ce mata dogo na, ba a ganin ƙarshen shi. Da sahe sai na ji ta ga dutse tana wannan waƙa. Shekara da shekaru, duk sadda ka koma makaranta sai ta yi ta. Ran da ka dawo hutu kuwa, shiru, kamar an ɗaure mata baki."

"Gwaggo, me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

"In gaya maka mi? Ai kunyarta ta. Ba ni da ikon kwance mata zane gaban ɗanta. Bayan ta rasu kuma ba ka tambaya ba."

Ya tashi ya zaga bayan ɗakin da yake na mahaifiyarsa, inda yanzu ake ɗaure awaki. Ya daɗe a can. Da ya dawo idanunsa sun yi ja, Gwaggo ta yi kamar ba ta gani ba, ta tura masa ƙwaryar fura.

A gabatarwar littafin an ce kaset ɗin da aka ɗauka suna hannun marubuciyar. Wannan jimlar ce ta hana shi sukuni kwana huɗu. Yana koyarwa tana ransa, yana salla tana ransa. A ƙa'idarsa ba ya zuwa wurin marubuci kafin sharhi ya fito, don kada a sha ruwan gidan mutum hannu ya yi nauyi. Ranar Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi da motoci ke da yawa, ya karya ƙa'idar.

Hajiya Maimunatu tana zaune a gidan mahaifinta, bayan kasuwa. Doguwar mace ce mai kauri a murya, da tabarau masu kauri, shekarunta sun kusa hamsin. Ta san sunansa, ta kuma san alƙalaminsa. Ta sa aka shimfiɗa masa darduma a falo, ta zauna nesa kaɗan a kujera.

"Malam Sha'aibu na Madogara da kansa? To Allah Ya sa ba yanka ni ka zo yi ba."

"Hajiya, littafinki ya yi kyau ƙwarai. Babi na huɗu ne kawai nake da magana a kai."

"Shi ne kuwa na fi ji da shi."

Ya yi mata bayanin layin dogo. Ta saurara har ƙarshe, ta girgiza kai.

"Na yi tunanin wannan, Malam, ba yau ba. Amma matar ƙauye da ba ta taɓa fita Gurbin Ɓore ba, me ya haɗa ta da jirgi? Kuma in jirgi ne, me zai hana ta faɗa? Sau biyu na tambaye ta. Ka san aikin nan, ba a rushe babi da zato. Ina hujjarka?"

Sha'aibu ya dubi darduma. "Tana da ɗan fari, Hajiya. An sa shi a jirgi a Ƙaura a 1973. Ba ta faɗin sunansa." Ya ɗan tsaya. "Jatau ɗin da ke cikin sunana shi ne mai tumaki."

Hajiya Maimunatu ta cire tabaranta. Ta daɗe tana riƙe da su a cinya.

"Innalillahi," ta ce a hankali. "Ni ma fa 'yar fari ce. Uwata har ta mutu 'waccan' take ce mini. Yaya aka yi ban gane ba? Na je da littattafan Turawa cike da kai, ina neman iskoki, ga abu a gabana." Ta share ido da gefen mayafi. "Ka yafe mini, Malam. Na yi wa baiwar Allah ƙazafi da hannuna."

"Ba don wannan na zo ba, Hajiya. Kaset ɗin... yana nan?"

Ta tashi ta shiga ciki. Ya ji ana jan akwatin ƙarfe. Ta fito da wata tsohuwar rikoda da kaset mai lamba goma sha bakwai a jiki, ta ce rabon da a kunna shi shekara shida, ba ta yi alkawarin zai yi ba. Ta sa batir, ta danna.

Da farko shuu kawai ake ji. Sai kukan zakara, sai gurzar dutse, gaba da baya, gaba da baya. Sannan murya ta shigo.

Bai gane ta ba. Abin da ya fi yi masa ciwo ke nan. Ya zo da tsammanin da ya ji zai ce ga Inna, amma muryar da ya sani ƙasa-ƙasa ce, kalma biyu ko uku, fuska a juye. Wannan kuwa muryar wata matashiya ce, sakakkiya, mai zaƙi, tana hawa tana sauka ba tsoron kowa. Ya lissafa a ransa, ya ga yanzu ya girme ta da shekara shida. Tana cewa ko ka ci, ko ba ka ci ba, shi kuwa yana tuna ɗakin cin abinci na makaranta, da layin wake, da yadda yake zaune a can yana ganin babu mai tuna shi a gida sai Gwaggo.

Dutsen ya tsaya. Aka ji muryar Maimunatu tana yarinya: "Inna, wane ne Na-Dogo?" Sai dariya, gajeriya, irin ta wadda aka kama. "A'a, ɗiyata, wannan ba a hwaɗi." Aka sake tambaya. "Ba a hwaɗi, nic ce." Wannan karon muryar ta yi ƙasa, ta koma wadda ya sani. A nan ya gane ta. Ya sunkuyar da kai, ya rufe fuska da hularsa, Hajiya Maimunatu ta tashi ta ba shi wuri.

Da ta dawo ta ce ya tafi da kaset ɗin, nasa ne. Ya ce a'a, kayan bincike ne, wani zai buƙace shi bayan su duka. Suka shirya a kai wa mai gurza kaset a kasuwa ya yi masa kwafi. Kafin ya tafi ta ce, "Ka rubuta gaskiya, Malam. Kada ka sassauta mini don na yi kuka."

Sati biyu yana fama da shafi ukun nan. Ya yabi littafin inda ya cancanta: yawan waƙoƙin da ta ceto, da haƙurin da ta yi ta shiga gidaje arba'in da rikoda a ka. Ya soki yadda a wasu wurare ta mayar da Zamfarci zuwa Hausar littafi har amo ya karye. Maganar da edita ya roƙa ya ba ta jimla biyu, ya ce waƙar niƙa ta riga ta yi shiru tun kafin a yi jihar, kuma mai neman dalili ya tambayi injin niƙa. Sai babi na huɗu. Sau biyar yana bugawa yana yagewa. Da farko ya rubuta "wata majiya daga dangin mai waƙar", ya ga ɓoye-ɓoye ne, kuma shi da kansa ya sha kama marubuta da irin wannan. Ya rubuta da zafi, ya ga ba aikinsa ba ne. A ƙarshe ya kawo bayanin layin dogo da kunyar ɗan fari a sakin layi ɗaya, ya ambaci Kyauta ta Gurbin Ɓore a matsayin wadda ta shaida, ya rufe da cewa: "Ya wajaba mai karatu ya sani, mai wannan sharhi shi ne ɗan da ake magana. Sai a auna maganarsa da wannan a zuci."

Farfesa Muhtari ya aiko da amsa ta hannun direba, yana tambaya ko ya tabbata yana so a bar jimlar ƙarshe, don ba a saba ganin irinta a mujallar ilimi ba. Sha'aibu ya ce a bar ta. Mujallar ta fito bayan wata bakwai, tare da gajeriyar wasiƙa daga Dokta Maimunatu a shafi na gaba, inda ta janye fassararta.

Amma tun kafin nan, kwafin kaset na zuwa hannunsa, ya ɗauki rikodar gidansa ya koma Gurbin Ɓore. Lokacin gero ya fitar da kai. Ya kunna wa Gwaggo Kyauta a tsakar gida. Ta saurara da kai a karkace, ba ta yi kuka ba, da aka zo wurin dariyar ma sai ta taya ta. Da ya ƙare ta ce, "Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Gwaggo. Minti shida ne."

"Ai ba ta yi komi ba nan. Kunyar baƙuwa ta ji. Wannan farkon ta kawai. Waƙar tana da tsawo, sai ta niƙe tiya biyu ba ta ƙare ba. Akwai inda take tambayar ko ka yi tsawo, akwai inda take ma jirgin hwaɗa. Akwai na ran da ka aiko takarda anka karanta muna."

Sha'aibu ya matso, ya ciro biro da takarda daga aljihu. "Faɗa mini su, Gwaggo. Ko kaɗan ne."

Ta rufe ido, leɓunanta suna motsi. Ta fara jan amon, ta kai tsakiya, kalmomin ba su zo ba. Ta sake farawa, ta sake tsayawa a wuri ɗaya.

"Sun tahi," ta ce. "Da ga dutse nike, hannu na aiki, wataƙila su zo. Zaune haka ba su zuwa."

Dutsen niƙan gidan yana bayan rumbu, a kife, kaji suna hawa. Sha'aibu ya cire babbar rigarsa ya juyo shi, ya wanke, ya jawo shi inuwa, ya samo ɗan dutsen a ƙarƙashin tarin itace. Aka zuba gero kaɗan. Gwaggo ta durƙusa da ƙyar, ta tura sau huɗu ko biyar, numfashinta ya ɗauke, ta zauna dirshan tana haki tana dariyar kanta.

"Ka ga, ba yau ba. Ka dawo bayan an yi girbi, in jikina ya yi daɗi. Ina ta tunani kahin nan."

Ya ce to. Ya taimaka mata ta koma kan tabarma. Motar ƙarshe ta Zurmi tana tashi kafin la'asar, amma bai yi shirin tafiya ba. Ya zauna kusa da ita da takardar a gwiwa, ko da wani baiti zai faɗo mata.